Ƙugiyoyin da Suka Ɓace a Garwa

A unguwar Yalwa ta birnin Garwa, a arewacin Kamaru, akwai wani malami da ke karantar da Hausa a zauren gidansu bayan sallar la'asar. Da safe shi ke riƙe da littafin lissafi na wani shagon kayan gini. Darasin yamma kuwa shi ya ɗora wa kansa, babu mai biyansa. Ɗalibansa 'ya'yan Hausawa ne da aka haifa a garin. Da Faransanci suke karatu a makaranta, da Fulatanci suke wasa a titi da ciniki a kasuwa, Hausa kuma ta koma harshen da kaka ke kiran jika da shi in za ta aike shi. Suna ji, suna mayar da amsa, amma in aka miƙa musu takarda sai su yi turus.

Da shekaru suka ja, wasu daga cikin ɗaliban suka tafi karatu Marwa da Ngaundere, suka riƙa aiko masa da saƙo suna neman darasi. Ɗan ƙanwarsa, wanda ke koyon ilimin kwamfuta, ya zo hutu ya ce a zuba darussan a intanet kowa ya ɗauka daga inda yake. Suka yi mako biyu suna aikin. Suka sa darussa goma sha biyu, suka ƙara da wani rubutu da malamin ke ji da shi fiye da komai: labarin da mahaifinsa ya bayar kafin rasuwarsa, na yadda kakansu ya taso daga Kano da fatauci, ya zauna Yola, sa'an nan ya biyo jiragen ruwan da kan hauro Kogin Binuwai da damina har tashar Garwa. A kwamfutar saurayin komai ya fito tsaf. Malamin ya yi hamdala, aka raba adireshin shafin.

Ba a yi kwana uku ba ƙorafi ya fara shigowa. Wata ɗaliba da ta buɗe darasin a tsohuwar kwamfutar tebur ta wani kafen intanet ta aiko da hoto: duk inda ya kamata a ga ƙ ko ɗ ko ɓ, ɗan akwati ne fari a tsaye. Wani a Marwa ya ce shi a darasi na bakwai kalmar ƙasa ta zama Æ™asa. Malamin da kansa ya buɗe shafin a kwamfutar shago, ya tarar haruffan suna nan, sai dai ɗ da ɓ sun fi 'yan'uwansu siranta da tsayi, kamar an yanko su daga wata jarida an manna. Labarin mahaifinsa kuwa ya fi ba shi takaici, domin layin farko ma cewa ya yi kakansu ya bar qasar Kano shi kaxai bayan rani ya vata amfanin gona.

Saurayin ya duba hotunan, ya yi dariya, ya kawo shawarar da kusan kowa ke kawowa. Ya ce, "Kawu, mu cire ƙugiyoyin nan mu huta. A WhatsApp wa ke sa su? Kuma kowa yana gane abin da ake nufi."

Malamin bai amsa nan take ba. Ya jawo allo ya rubuta jimla guda babu ƙugiya ko ɗaya: an yi fada a fada, baki sun kasa shiga kasa. Ya ce, "Karanta mini." Saurayin ya fara, ya tsaya, ya koma farko, sai a karo na uku ya daidaita ta: an yi faɗa a fada, baƙi sun kasa shiga ƙasa. Malamin ya ce, "Kai da ka sha Hausa a nono sai da ka yi sau uku. To yaran nan fa?"

Hujjarsa ta fi ta son kyan rubutu nauyi. Bahaushen Kano ko Katsina, in ya ga kalma babu ƙugiya, kunnensa ke cike masa gurbin, domin ya riga ya san sautin. Yaron Garwa ba shi da wannan jari duka. Fulatanci ya ba shi ɓ da ɗ, yana furta su a Fulɓe da Lamiɗo ba tare da tunani ba, amma babu sautin ƙ a Fulatanci, babu shi kuma a Faransanci. Saboda haka yawancin ɗalibansa kofa suke cewa, da karfe, da kafa. Ƙugiyar da ke kan harafin ita kaɗai ke tuna musu cewa akwai wani sauti dabam da za a matse maƙogwaro a fitar. In aka cire ta daga darasi, an cire darasin. Bari da ɓari ma ba su da wani shamaki a takarda sai ita, ga shi kuwa ɗaya umarni ne, ɗaya kuma musiba ce da ake yi wa mace jaje a kanta.

Wannan gwagwarmaya ta girmi intanet. Tun shekarun 1930 aka shigar da haruffa masu ƙugiya cikin ɗab'in Hausa a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 ta kai su gidajen mutane. Taron da UNESCO ta shirya a Bamako a 1966 ya tabbatar da irinsu ga Hausa da Fulatanci, Kamaru kuma ta sa ɓ da ɗ da ƴ da ŋ cikin abacadar bai ɗaya ta harsunanta a 1979. Duk da haka, keken rubutun da ke yawancin ofisoshi bai san su ba. Malamin yana tune da yadda nasa malamin kan buga takardar jarrabawa, sa'an nan ya bi ta da biro yana lanƙwasa kan kowace k da d da b da hannu. Ya ce wa ɗan ƙanwarsa in wancan dattijo ya iya wannan wahala, su da ke da na'ura a gabansu ba su da uzuri.

Suka zauna a zauren da daddare, lokacin da zafin watan Afrilu ya ɗan sassauta. Abin farko da saurayin ya fahimta, bayan ya daina neman gajeriyar hanya, shi ne cuta huɗu ce ke gabansu, kowace da mazauninta, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Domin a rarrabe su sai an san cewa harafi a kwamfuta abu biyu ne. Akwai lambarsa, wadda tsarin Unicode ya ba shi, ita ake adanawa, ita ake aikawa. Akwai kuma surarsa, wadda ke cikin fayil ɗin zubin haruffa, wato tarin zanen da burauza ke ɗaukowa ta nuna a allo. Lamba tana iya zama lafiya sura ta ɓace, sura kuma tana iya zama lafiya alhali lambar ce ta gurɓace.

Gwajin da ya raba musu gardama mai sauƙi ne. A kwafi harafin da ya lalace, a liƙa shi a wani wuri dabam, kamar saƙon waya. Suka sa ɗalibar nan ta koma kafen ta kwafi kalma mai akwati ta aiko. Da saƙon ya iso wayar malamin, sai ga ƙofa da ƙugiyarta. Ashe rubutun bai taɓu ba, kwamfutar kafen ce ba ta da zanen harafin. Burauza in ta nemi harafi a zubin da aka umarce ta ba ta samu ba, takan ara daga wani zubin da ke cikin kwamfutar. In babu shi ko'ina sai ta zana akwati. Masu sana'ar suna kiran akwatin da sunan awara, don ya yi kama da yankanta, har Google ya raɗa wa wasu zube-zubensa suna Noto da nufin kawar da ita. Kuskuren saurayin shi ne ya ambaci sunan zubin rubutun darasi kawai, yana zaton kowace kwamfuta tana da shi kamar tasa. Maganin shi ne shafin ya zo da zubinsa a hannu. Suka zaɓi Andika, wanda ƙungiyar SIL ta tsara musamman don masu koyon karatu, kuma ta bayar da shi kyauta. Suka ɗora fayil ɗinsa a kan shafin cikin sigar WOFF2, wadda ba ta cin data da yawa. Charis SIL da Gentium ma suna da haruffan, ga wanda ya fi son zubi mai kama da na littafi.

Cuta ta biyu ta fi ba su wahala, domin abin da suke gani bai yi kama da hankali ba. A kanun darussa, inda saurayin ya yi amfani da wani zubi na ado da yake jawowa daga intanet, ƙ tana fitowa daidai, Ɗ da Ɓ manya ma daidai, amma ƙananan ɗ da ɓ baƙi ne a cikin layin. Kalmar Ɗan lafiya lau, kalmar ɗan kuwa da ɗingishi. Saurayin ya danna F12, kayan binciken burauza suka buɗe, ya zaɓi kanun, ya gangara inda ake nuna zubin da aka yi aiki da shi a zahiri. Sunaye biyu ya gani maimakon ɗaya: zubin adon ya zana yawancin haruffa, wani zubi na cikin kwamfutar ya zana biyu.

Dalilin yana cikin yadda aka jera haruffan a Unicode tun farkon shekarun 1990. Ba a zaunar da haruffan Hausa unguwa ɗaya ba. Ƙ da ƙ suna lamba U+0198 da U+0199, Ɓ tana U+0181, Ɗ tana U+018A, Ƴ da ƴ suna U+01B3 da U+01B4, dukkansu a rukunin ƙarin haruffan Latin da ke ƙarewa a U+024F. Ƙananan ɓ da ɗ kuwa, da yake masana furuci na duniya suna amfani da su a matsayin alamomin sauti, an kai su rukunin da ke biye, ɓ a U+0253, ɗ a U+0257. Masu shafuka sukan yanka zubi gunduwa-gunduwa don ya yi saurin buɗewa, su gaya wa burauza daga wace lamba zuwa wace lamba za ta ɗauka a kowace gunduwa. Layin da saurayin ya kwafo daga wani tsohon misali ya tsaya a U+024F cak, taku kaɗan kafin a kai ga ɓ. Wanda ya rubuta misalin harsunan Turai ke ransa. Suka nemo cikakken fayil ɗin zubin, suka tabbatar yana da haruffan biyu, suka matsar da iyakar zuwa U+02AF. Malamin ya sa aka duba rubutu mai kauri da mai jirkice su ma, domin kowanne fayil ɗinsa dabam, kuma sun tarar mai jirkicen ba shi da ƴ sam. Suka daina amfani da shi a kanu.

Ta uku, wato Æ™asa, ba ruwanta da zubi. Da suka kwafe ta suka liƙa a waya, yadda take haka ta fito. A tsarin UTF-8, wanda yawancin shafukan duniya ke bi yau, harafin ƙ bayit biyu ne a haɗe. In burauza ta ɗauka fayil ɗin na tsohon tsarin Yammacin Turai ne, mai bayit ɗaya ga kowane harafi, sai ta karanta kowane rabi shi kaɗai: rabin farko ya zama Æ, na biyu ya zama ™. Haka ɓ kan zama É da alamar zance a gefenta. Duk wanda ya ga Æ ko É sun tsaya a gurbin harafi mai ƙugiya, to wannan cuta ce. Yawancin lokaci layi guda a saman shafi, mai shaida wa burauza cewa charset="utf-8" ne, yana wadatarwa. Darasi na bakwai bai warke da wannan ba, domin an buɗe shi a gurɓace a wata kwamfuta aka sake adana shi a haka, ɓarnar ta zama ita ce rubutun. Sai da suka koma ga asalin fayil ɗin da ke cikin filashin malamin suka sake ɗora shi. Tun daga ranar bai yarda a yi gyara a kan kwafi ɗaya tilo ba.

Saura labarin mahaifinsa. Shi an buga shi ne shekaru da yawa da suka wuce a wani shagon buga takardu a Yola, da irin zubin da ya ceci marubuta Hausa kafin Unicode ya yaɗu. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar da zubin Rabi'at da Abdalla, aka buga littattafai da kundaye masu yawa da su. Dabarar irin waɗannan zube-zube ita ce a ari gurbin harafin da Hausa ba ta bukata a zana mai ƙugiya a ciki. A wani tsarin, in ka danna q sai ƙ ta fito, x ta ba da ɗ, v ta ba da ɓ. A wani kuma alamomin baka ake ara, shi ya sa akan ga }asa da wa]anda a tsofaffin fayiloli. A takarda babu aibi. Amma abin da ke adane q ne da x da v, kuma da zarar rubutun ya rabu da zubinsa sai asirin ya tonu. Mai neman kalmar ƙasa a injin bincike ma ba zai taɓa cin karo da ita ba.

Saurayin ya ce wannan ai aikin minti ɗaya ne, ya ba kwamfuta umarni ta musanya kowace q da ƙ, kowace x da ɗ, kowace v da ɓ. Malamin ya karɓi sakamakon yana karantawa a hankali, har ya iso inda mahaifinsa ke ba da labarin wata tafiya kudu. Kogin Vina na wajen Ngaundere ya zama Ɓina. Kalmar quartier, wadda tsohon ya faɗa da Faransanci aka rubuta ta yadda ya faɗa, ta zama ƙuartier. Babi na X ya koma babi na Ɗ. Rubutun Bahaushen Kamaru cike yake da sunaye da kalmomin Faransanci, kuma su q da x da v nasu na gaskiya ne. Ya ce, "Ka ga abin da gaggawa ke haifarwa." Suka mayar da fayil ɗin yadda yake, suka bi musanyar ɗaya bayan ɗaya, saurayin yana dannawa, kawunsa yana cewa a canza ko a bari. Dare biyu suka yi a kan shafi talatin da ɗaya. A dare na biyu saurayin ya daina duban haruffa kawai, ya fara tambaya: wane ne wannan da aka ce ya riƙe kakansu a Yola, me ya sa aka bar fataucin goro aka koma na fata. Bai taɓa karanta labarin ba sai da gyara ya tilasta masa.

Da suka gama, malamin ya je shago da safe ya buɗe shafin, sai ya ga ɗ da ɓ na kanu suna nan da ɗingishinsu kamar ba a yi komai ba. Ransa ya ɓaci, ya kira yaron a waya. Saurayin ya ce, "Kawu, danna Ctrl da F5 tare." Ya danna, shafin ya sake buɗewa, haruffan suka daidaita. Burauza takan ajiye tsohon fayil don kada ta sake jawo shi kullum, ita ce ke nuna masa aikin jiya.

Don kada a koma gidan jiya, suka gyara tushen abin. Madannan kwamfutoci da yawa a Kamaru na tsarin Faransa ne, masu farawa da AZERTY, babu harafi mai ƙugiya a kansu. Saurayin ya sa wa kawunsa tsarin madannan Hausa da ke cikin Windows, ya nuna wa ɗalibai yadda za su ƙara Hausa a madannan wayoyinsu. Malamin kuma ya rubuta gajerun jimloli huɗu a kati ya manna a gefen kwamfutar: Ɓarawo ya ɓuya a ɗaki. Ɗan gida ya ƙi fita. Ƙofa a rufe take. Ƴan unguwa da ƴaƴansu sun taru. Shi kansa 'y yake rubutawa, bisa ƙa'idar littattafan Nijeriya da ya yi karatu da su, amma ya sa ƴ a gwajin saboda ita ake amfani da ita a Nijar da kuma Fulatanci, ɗalibansa kuwa za su gamu da ita. Duk sabon zubin da za a ɗauka, sai an buga waɗannan jimloli da shi, a siriri da mai kauri da mai jirkice, an duba a kwamfuta biyu da waya ɗaya, kafin a amince da shi.

Ranar Asabar da ta biyo baya ɗalibar nan ta zo zaure da shafuka uku na labarin da ta buga a kafen da ya fara nuna mata akwatuna. Malamin ya ce ta karanta wa aji. Ta fara da layin farko, ta ce kakansu ya bar kasar Kano. Ta tsaya da kanta, ta kai yatsa kan harafin, ta sake cewa ƙasar Kano, sautin ya fito da ƙyar amma ya fito. Mahaifiyar malamin, wadda ke zaune bayan labule tana tsince shinkafa, ta ɗaga murya ta ce shekarar da aka ambata ba daidai ba ce, an riga an haifi yayan mijinta kafin a bar Yola. Malamin ya ɗauki biro ya rubuta gyaran a gefen takardar, ya ce wa yarinyar ta ci gaba.